Bashin Da Ke Wuyan Masanin Harshe

Akwai wata tambaya da kusan duk matashin da ya ce zai koma jami'a ya yi digiri na biyu a kimiyyar harshe sai ya sha ta, imma daga bakin kawunsa, imma daga abokan hirarsa na majalisa: "To, kai da ka tashi da Hausar nan a bakinka, me kuma ya rage da za ka je ka karanto? In ka gama, wane ofis ne zai ɗauke ka?" Galibi akan amsa wannan tambaya da fushi, ko da dogon Turanci, ko kuwa a yi shiru a raina mai tambayar a zuci. Mu a namu ganin tambaya ce mai kyau, kuma kawun nan yana da haƙƙin ya yi ta fiye da yadda shi kansa ya sani, domin kuwa abin da yaron zai je ya yi shekaru yana nazari a kai daga bakin irin su kawun aka ɗebo shi.

Kafin mu kai nan, bari mu ɗan bayyana ma 'yan'uwa marubuta abin da karatun ya ƙunsa, tunda da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa koyon harsuna barkatai ne, ko kuwa zurfafa ƙa'idojin rubutu. Wanda ya shiga wannan fage zai zauna a aji ya karanci ilmin furuci da tsarin sauti, da ƙirar kalma, da ginin jimla, da ilmin ma'ana, da walwalar harshe a cikin al'umma, sannan ya zaɓi matsala guda ya rubuta kundi a kanta a ƙarƙashin kulawar wani malami. A Ingila shekara guda kan isa a gama digiri na biyu; a jami'o'inmu akan rubuta shekara ɗaya da rabi ko biyu a takarda, amma kowa ya san yadda yajin aiki da jiran malamin waje mai duba kundi ke miƙar da ita. Digiri na uku kuwa sai mai dogon numfashi. Abin da ɗalibi ke samu a wannan zama shi ne idon da zai ga abin da ya saba yi ba tare da ya lura ba. Alal misali, kowane Bahaushe ya san bambancin saya da saye da sayo da sayar da sayu, ba ya kuma taɓa sa ɗaya a gurbin ɗaya, amma sai a 1960 ne F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya shimfiɗa tsarin nan na azuzuwan aikatau guda 7 wanda har yau ake koyarwa. Haka nan yaro ɗan shekara biyar ba zai rikita kukan jariri da kukar miya ba, ko wuyan raƙumi da wuyar rayuwa, alhali rubutunmu na boko bai nuna karin sautin da ya raba su. Ilmin yana nan a kan yaron tun da can. Aikin masani shi ne ya tono shi, ya ba shi suna, ya gwada shi da na sauran harsunan duniya.

Darasi na farko da ake cusa wa ɗalibi, wanda kuma ya fi yi wa marubuci ɗaci, shi ne cewa masanin harshe shaida ne, ba alƙali ba. An ce da shi ya faɗi yadda mutane ke magana, ba yadda ya kamata su yi ba. Idan Basakkwace ya ce "shina zuwa", Bakano ya ce "yana zuwa", mutumin Zazzau ko Bauchi ya ce "motan" inda daidaitacciyar Hausa ke son "motar", ɗan zangon Kumasi kuma ya yi tasa, to a wurin wannan ilmi babu wanda ya yi kure a cikinsu; kowa yana bin ƙa'idar da ke kansa ne daram. Wannan ya saɓa da tarbiyyar da muka gada daga zaure, inda ake karanta Ajurumiyya da Alfiyyar Ibn Malik domin a tsare harshe daga lahani, saboda nahawun Larabci tun daga zamanin Sibawaihi an gina shi ne don hidimar Littafin da ba a yarda a karkace masa wasali ɗaya ba. Ya kuma saɓa da abin da mu marubuta ke nema, domin mu hukunci muke so: a haɗa ko a raba, a sa ƙugiya ko a bari. Waɗanda suka ga cece-ku-cen da aka yi a shekarun 1990 a kan littattafan soyayya za su tuna cewa rabin zargin da aka yi wa marubutan Kano a kan ƙa'idojin rubutu ne, kuma daga jami'a mafi yawansa ya fito. Ashe ke nan shaidan ma yakan hau kujerar alƙali in an ba shi dama. Ba mu ce hakan laifi ne ɗungurungum ba. Rubutu yana bukatar yarjejeniya, shi ya sa aka zauna a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausar Nijeriya da ta Nijar. Abin da muke cewa shi ne yarjejeniya sunanta yarjejeniya, kuma mai digiri ya fi kowa sanin haka, saboda haka ya fi kowa cancantar ya yi gyara cikin ladabi.

Wani abu kuma da ya kamata mai sha'awar rubutu ya sani tun kafin ya sayi fom: wannan karatu ba zai mayar da shi gwanin ƙaga labari ba. Abubakar Imam bai yi shi ba ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, Mamman Shata ma ko kusa bai je ba. Likitan da ya san sunan kowace jijiya ta ƙafa ba lalle ne ya iya rawa ba. Sai dai zai iya gaya maka abin da ya sa ƙafar take ciwo, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga edita ko mai fassara.

To, yanzu mu komo kan kawu. Mai nazarin duwatsu ba ya neman iznin dutse, mai nazarin taurari ba ya bin tauraro bashin godiya. Shi kuwa mai nazarin harshe ba shi da wani kayan aiki sai abin da ya fito daga bakin mutane. Zai ɗauki rikoda ya tafi ƙauye, ya sami tsohuwa ta bar surfenta, ya sa ta maimaita kalma ɗaya sau goma har ya kama karin sautinta. Zai zaunar da manomi a lokacin da ya kamata yana gona, ya tambaye shi jam'in sunaye ɗari biyu. Daga nan ya koma birni ya rubuta kundi da Turanci, a yi masa bango mai kauri, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na sashe, a kira shi Dakta. Tsohuwar ba za ta taɓa ganin kundin ba, in ma ta gani ba za ta iya karanta shi ba, jikanta da ya yi sakandare ma ba zai gane alamomin da ke ciki ba. Abin tambaya a nan shi ne: wannan ciniki halal ne? Wane ne ya ci riba, kuma me aka bar wa mai kaya?

Tarihin nazarin Hausa kansa yana da abin da zai ce a kan haka. Bajamushen nan ɗan mishan J. F. Schön, wanda ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, har aka ba shi lambar yabo a Faransa a 1877, bai taɓa zama a birnin Kano ko Katsina ba. Babban tushen Hausarsa wani yaro ne, Dorugu, ɗan yankin Damagaram, wanda aka kama bawa yana ƙarami, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, ya zauna a gidan Schön yana ba shi tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa. Littafin Magana Hausa na 1885 cike yake da muryar Dorugu, amma sunan da ke kan bango na Schön ne. Haka kuma ƙamus ɗin R. C. Abraham da ya fito a 1949 ya fito ne da sunaye biyu, nasa da na Malam Mai Kano. Bugu na biyu na 1962, wanda shi ne ya fi yaɗuwa, da sunan Abraham kaɗai aka san shi. Ba mu kawo waɗannan don mu tozarta matattu ba. In ba don wahalar Schön da Abraham da G. P. Bargery, mai katafaren ƙamus ɗin 1934, ba, da kalmomi da yawa na kakanninmu sun bi ruwa, kuma duk marubucin da ya taɓa buɗe Bargery yana neman sunan wata ciyawa ko wani kayan doki ya san darajarsa. Mun kawo su ne don a ga cewa al'adar manta mai baki tsohuwa ce a wannan fage, kuma ba ta ƙare ba don kawai baƙar fata ya karɓi alƙalamin. Ɗan gida ma yana iya yi wa tsohuwar garinsu abin da baƙo ya yi wa Dorugu, har ma ya fi, tunda shi ba za a yi masa rowar komai ba.

Za a iya ce mana ilmi ai don ilmi ake yinsa, kuma ba kowane bincike ne zai koma ya zama tuwo a kwanon wani ba. Gaskiya ne. Lokacin da Joseph Greenberg ya tabbatar a rabe-rabensa na 1963 cewa Hausa da 'yan'uwanta na dangin Cadi gida ɗaya suke da Larabci da Ibrananci da harshen Misira ta dā, babu wanda farashin geronsa ya sauka, amma mun ƙaru da sanin kanmu. Ba ma neman a hana kowa bin matsala don daɗin warware ta. Sai dai Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma mun ga waɗanda suka yi askin: M. K. M. Galadanci da Dauda Bagari da Mu'azu Sani Zariya da ire-irensu sun yi karatunsu mai zurfi da Turanci, amma tsararsu ce ta zauna ta ƙirƙiro kalmomin da ake koyar da nahawu da su da Hausa a yau, irin su aikatau da wakilin suna da tsarin sauti, har ɗan kwalejin ilmi ya iya karanta bayanin harshensa da harshensa. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, wanda ke bayyana Hausa da Hausa, shi ma biyan irin wannan bashi ne.

Sai batun ofis ɗin da zai ɗauke shi. Mafi yawan masu wannan digiri koyarwa suke komawa, a jami'a ko kwalejin ilmi, kuma ba sai mun gaya wa kowa abin da ke aljihun malami ba. Wasu sukan shiga aikin jarida da fassara. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, ga na Jamus da na Faransa, ga gidajen rediyo da talabijin na gida da suka yawaita. Akwai tafinta a kotu da asibiti, akwai masu tsara manhajar karatu da littattafan firamare, akwai masu gyaran magana ga wanda i'ina ko shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa harshe, ko da yake wannan sai an ƙara da horo irin na asibiti. Akwai masu aiki da kurame, kuma abin sha'awa ne cewa maganar hannu ta kuramen Kano harshe ce cikakkiya mai nata nahawu, wadda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. A Nijar kuwa, tun da kundin mulki na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, aikin samar da kalmomin shari'a da na mulki ba zai yi kansa ba. Hanyoyi dai akwai su, ba masu faɗi ba ne, amma akwai.

Guda biyu daga cikin hanyoyin muke so mu ɗan tsaya a kansu, saboda a nan ne bashin ke fitowa fili. Ta farko ita ce ta kamfanonin kwamfuta. Tun da Google ya sa Hausa a cikin na'urarsa ta fassara a 2013, bukatar masu iya tattara jimloli da muryoyi, su tace su, su yi musu alama don a koya wa na'ura, sai ƙaruwa take yi, kuma kuɗin da ake biya ya kan fi albashin aji. Ba mu ga aibin mutum ya ci abinci da iliminsa ba. Amma wanda ke wannan aiki shi ne ke yanke wace Hausa na'urar za ta ɗauka a matsayin Hausa. In ya ciyar da ita da labaran rediyo kaɗai, to za ta tashi ba ta jin Basakkwace, ba ta jin Ba'adare, ba ta jin matan cikin gida, kuma gobe in aka sa ta tana amsa wa marasa lafiya ko manoma tambaya a waya, su ne za ta fara yi wa kunnen ƙashi. Ga kuma tambayar Dorugu ta dawo da sabuwar riga: muryoyin nan da aka ɗauka, an gaya wa masu su inda za a kai su?

Ta biyu ta fi wannan nauyi. Tun daga shekarun 1990 wasu gwamnatocin Turai, irin su Suwidin da Holan da Suwizalan da Ingila, suka shiga amfani da nazarin magana don tantance asalin masu neman mafaka. Akan ɗauki muryar mutum, a ba wani ya saurara, ya rubuta rahoto cewa wannan lafazi na ƙasa kaza ne ko ba nata ba ne, kuma rahoton yana iya zama sanadin a bar mutum ya zauna ko a mayar da shi inda ya gudo. A 2004 wasu masana harshe daga ƙasashe daban-daban suka fitar da ƙa'idoji suna gargaɗin cewa magana tana iya nuna inda mutum ya tashi, amma ba ta nuna takardar ɗan ƙasa. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Wane kunne ne zai rantse ya raba mutumin Jibiya da na Maraɗi, ko na Illela da na Birnin Ƙonni? Ina za a ajiye wanda aka haifa a Sudan, kakansa ya fito daga Haɗeja a hanyar Makka, ya yi almajiranci a Maiduguri? Masanin da aka ba irin wannan aiki yana tsakanin abu biyu: mai biyansa yana son amsa yankakkiya, iliminsa kuwa yana gaya masa cewa iyakar da Turawa suka ja ba ta bi ta kan harshe ba. Ranar da ya rubuta "tabbas" inda ya san "wataƙila" ce gaskiya, ya sayar da shaidarsa, kuma wani ne zai biya da rayuwarsa.

Akwai kuma wani bashi da ya fi shafar mu masu rubutu da Hausa, wanda ba mu cika son a ambata ba. Mun saba kuka da yadda Turanci ke danne Hausa, muna kallon kanmu a matsayin waɗanda aka zalunta. Amma a Nijeriya akwai harsuna fiye da 500, kuma a Bauchi da Gombe da Yobe da Filato da kudancin Kaduna abin da ke cinye ƙananan harsuna ba Turanci ba ne, Hausa ce. Harshen Auyakawa da na Teshenawa a ƙasar Jigawa ta yau, da na Ajawa a ƙasar Bauchi, sun riga sun mutu. Jikokin masu su Hausa suke yi, wasu ma ba su san an taɓa yin wani abu dabam ba. Duk littafin da muka buga, duk fim da waƙar da suka shiga ƙauye, suna ƙara wa Hausa ƙarfi a kan maƙwabtanta, ko mun nufa ko ba mu nufa ba. A 1992 Michael Krauss ya yi gargaɗin cewa mafi yawan harsunan duniya suna iya ɓacewa a cikin ƙarni guda. A shekarar ce kuma Peter Ladefoged ya mayar da martani cewa bai kamata masani ya ɗora wa iyaye laifi ba idan sun zaɓar wa ɗansu harshen da zai kai shi kasuwa da makaranta, domin ba shi ne zai ciyar da yaron ba. Muna ganin kowannensu yana da gaskiya. Ba hurumin ɗalibi ba ne ya je ya yi wa uwa wa'azi a kan harshen da za ta yi wa ɗanta rarrashi da shi. Amma huruminsa ne, in tsofaffi biyar suka rage masu jin wani harshe, ya je ya zauna da su kafin su tafi, ya rubuta abin da suka sani ta yadda jikokinsu za su iya karantawa in wata rana sun nema. Ɗalibin da yake jin Hausa ya fi kowane Bature sauƙin yin wannan, tunda da Hausa zai yi hira da su. Duk da haka sai ka ga kundi na hamsin a kan aron kalmomin Turanci a Hausar 'yan acaɓa, harshen da ke mutuwa kilomita tamanin daga jami'ar kuwa babu ko shafi goma a kansa. Mun san dalili: fita ƙauye kuɗi ne, malamin da zai duba aikin ma ba kullum ake samunsa ba, ɗalibi kuma yana son ya gama ya kama aiki.

An dai taɓa gwadawa an ga yana yiwuwa. A shekarun 2000, marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, tare da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, suka gudanar da wani aiki a kan harsunan Jihar Yobe: Bolanci da Karekare da Ngamo da Ngizim da Bade. Sun horar da masu harsunan su da kansu suka tattara kalmomi da tatsuniyoyi da karin magana, aka yi ƙamusoshi masu fassara zuwa Turanci da Hausa, aka buga su a Potiskum inda mutanen suke. A bangon kowane ƙamus, sunayen 'yan garin ne aka rubuta a matsayin mawallafa, shi kuwa farfesan aka sa nasa a ƙasa, a matsayin edita.